Shekarar da Na Sayar da Gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi

Duk faɗin Tarauni, daga Gyaɗi-Gyaɗi har ƙarshen Daurawa, ba a taɓa haihuwar mutumin da ya fi ubanku iya ciniki ba. Ku je bakin titin Zariya inda ake sayar da motoci ku ce Auwalu Rediyo, za a nuna muku bencin da nake zama, wataƙila ma a saya muku lemo saboda darajata. Na taɓa sayar wa wani bawan Allah motar da ba ta ribas, ya dawo bayan wata uku da zabbi biyu yana godiya, wai tun da ya saye ta bai ƙara shiga lungun da ba ya ɓullewa ba. Saboda haka idan Gwaggonku Hajara ta zaunar da ku tana cewa na yi wata tara ina fama da gida ɗaya tak na kasa sayarwa, ku gaishe ta da ladabi, ku ci tuwonta, sannan ku dawo ku karanta wannan. Don ku na rubuta shi, saboda in na bar labarin a bakinta, jikokina za su tashi suna ganin kakansu sakarai ne.

Gidan da ake magana shi ne wanda kakanku Malam Idi kafinta ya gina tun Gyaɗi-Gyaɗi tana da sauran gonaki. Ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, ɗaki biyar, da soro a gaba inda yake aikin katako, da rijiya a tsakar gida, da zogale uku a jikin katangar baya. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar mu mu huɗu, ni babba, sai Sani, sai Hajara, sai Maryam auta, da mahaifiyarmu Inna. Muka shekara ba wanda ya ta da maganar gado, kowa yana jiran wani ya fara zama marar kunya. A lokacin duk mun watse, ni ina haya a Ƙauyen Alu, Sani yana jan adaidaita sahun wani Alhaji, matan suna gidajen mazajensu. Inna kaɗai ce a ciki, ita da kajinta. Unguwar kuwa ta yi tsada, ko'ina rushe tsoffin gidaje ake yi ana ta da benaye da shaguna. Sani yana so ya mallaki babur ɗin kansa ya huta da kai wa wani balas kullum yamma, Hajara tana so ta sauke farali, ni kuma ina mafarkin filin motoci nawa na kaina, da allo a bakin ƙofa an rubuta sunana da haruffan da za a iya karantawa daga jirgin sama. To, ni na zama marar kunyar. Na tara su ranar wata Juma'a bayan la'asar a tsakar gida, na yi jawabi na kusan awa ɗaya, na nuna musu cewa a sayar a raba shi ne alheri, Inna kuma ta koma wurina, ɗakin da na tanadar mata har da tayil da fanka.

A nan sai na tsaya na gaya muku wani abu, don ku 'yan yanzu ba ku san shi ba. Ni ɗan fari ne, Inna kuma mutuniyar da ce. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, ba ta hira da ni, in ta ga na shigo tana dariya sai ta haɗiye dariyar. Wurin kakata na tashi har na yi wayo. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa wanda ke kusa, ko da kuwa ina tsaye a gabanta, in babu kowa ta gaya wa kaza. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma duk mun saba har ba ma lura. Saboda haka da na gama jawabina na juya na ce:

“Inna, me kika gani?”

Ta kalli Sani, ba ni ba.

“Ka ce wa yayanku Allah ya sa alheri.”

Na ce amin da ƙarfi, na shafa fatiha, na tashi ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe ba hamayya. Hajara ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Sai daga baya na gane ita ta ji abin da aka faɗa, amma Makka tana kiranta, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Wannan ɓangaren ba ta saka shi a nata labarin.

Sani ya ce a nemo dillalin gidaje. Na yi masa kallon da ake yi wa wanda ya zagi mutum a gaban surukansa. Ina raye, da wannan bakin nawa, a ba wani ƙato la'ada? Na sayo fenti ruwan madara na sa aka shafe gaban gidan, na sa birkila ya liƙe tsagar da ke katangar baya, na share soro, na ce musu su ba ni sati biyu.

Mai saye na farko wani Alhaji ne ɗan kasuwa, da mota mai baƙin gilashi da carbi mai tsada. Tun daga bakin titi na fara yi masa karatu. Na ce ginin nan ko tankar yaƙi ta doke shi ita za a kai gareji. Na ce rijiyar tun da aka haƙa ta ba a taɓa ganin ƙasanta ba, ruwanta kuma likitoci na aikowa a ɗebar musu. Na ce unguwar ko sauro sai ya yi sallama yake shiga. Alhaji yana ta gyaɗa kai, na ga ciniki ya nuna saura a tsinka. Amma kun san ba a shiga gida a ga dattijuwa a wuce. Ya cire takalmi ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

“Hajiya, barka da hutawa. Ya ƙarin haƙuri?”

“Da godiya, Alhaji. Kai ne mai son gidan?”

“In Allah ya yarda.”

“To madalla. Sun gaya maka da damina ruwan kwata yana shigowa soro har gwiwa?”

Alhaji ya waiwayo ya dube ni. Na yi dariya irin ta wanda ya ji wasa.

“Ɗakin kudu yana yoyo wuri uku,” Inna ta ci gaba tana tsince shinkafa a faranti. “Katangar baya a tsage take, ranar Talata aka liƙe, in ka taɓa ma simintin bai gama bushewa ba. Rijiyar tana ƙafewa da bazara, sai an sayi ruwan 'yan garuwa. Masai ya kusa cika. Gara ta cinye azarar ɗakin tsakiya. Malamai sun ce ba a ɓoye aibin kaya a ciniki, ni kuma na kusa kabari, ba zan tafi da hakkinka ba. In ka ji ka gani, Allah ya sa alheri.”

Alhaji ya yi godiya, ya ajiye mata goro, ya ce zai kira ni. Har yau da nake rubutun nan ina jiran kiran.

Na biyu haka, na uku haka. Abin da na gina a awa ɗaya daga bakin titi, sai Inna ta rushe shi a minti biyar tana zaune a kan tabarma, ba ta ko ɗaga murya. Kuma kullum lissafin aibin ƙaruwa yake. A kan mutum na huɗu ta tuno da ɓerayen da ta ce sun yi girman da kyanwa ke ba su hanya, na ce a raina ashe ƙarin gishirin nan gado na yi, ban sani ba. Ba damar in yi mata magana, domin ban taɓa yi ba, kuma me zan ce? In ce Inna ki daina faɗin gaskiya? Na aiki Maryam, ita da yake auta ce har cinyar Inna take hawa da girmanta. Ta dawo ta ce Inna ta ce a gaya wa yayanku ita ba ta hana kowa saye ba.

Sai na yi dabara. Na ji ana bikin suna a Daurawa wurin dangin mijin Hajara, na sa Sani ya ɗauki Inna a adaidaita tun hantsi, na ce kada ya dawo da ita sai an kira magariba. Na kawo wani matashi mai kuɗi da yake son ya rushe ya yi shaguna. Muka zaga gida ba mai katse ni, har na kai ga cewa zogalen nan uku daga Madina aka kawo irinsu. Muna tsaye a gindin katangar baya, sai muka ji murya daga cikin bango.

“Salamu alaikum. Auwalu, baƙo ka yi?”

Saura kaɗan matashin ya bar takalmansa a wurin. Na manta da tagar. A jikin katangar da ta raba mu da maƙwabta, dab da ƙofar ɗakin Inna, akwai wata 'yar kafa da ba ta fi faɗin faranti ba. Baba ne ya huda ta tun Inna tana amarya, don ita da maƙwabciyarta Gwaggo Asabe su riƙa miƙa wa juna garwashi da gishiri ba sai sun fita ba. Shekara hamsin da wani abu ta nan suke gaisawa da asuba, ta nan suke ƙulla aure su kwance, ta nan labarin duk unguwa yake bi kafin ya isa gidan rediyo. Ido ɗaya na Gwaggo Asabe ya bayyana a kafar.

“Yaro, kai ne mai saye? Ta bar mini sallahu. Ta ce in an zo ba ta nan in gaya maka da damina ruwan kwata yana shigowa soro har gwiwa.”

Ta karanto su duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ta ƙara da nata, wai katangar rabinta nata ne, duk wanda ya taɓa sai sun je gaban alƙali.

Haka muka ci wata takwas. Mutum bakwai na kawo, bakwai suka tafi. A wurin aiki abokai suka daina ce mini Rediyo suka koma Rediyo Ba Batir. Sani ya daina gaishe ni da fara'a. Ni kuwa ko sau ɗaya ban zauna na tambayi kaina me ya sa tsohuwar da ba ta son yawan magana ta zama mai wa'azi a kan masai ba. Na ɗauka tsufa ne da tsoron Allah.

Na takwas shi ne Malam Bulus, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya shekara talatin yana koyar da lissafi a makarantun Tarauni har ya yi ritaya, duk a gidan haya. Rabin 'yan adaidaitar unguwar nan ya taɓa zane su a kan jadawalin sau. Ya zo da matarsa Madam Saratu, da ɗan littafi a aljihu da biro a bayan kunne. Na yi masa karatun tankar yaƙi da na likitoci, yana saurare. Da muka je gaida Inna ta fara nata, sai na ga ya zaro littafin.

“Mama, a hankali. Yoyon wuri nawa kika ce?”

“Uku. Huɗu in an yi ruwa da iska.”

“Rijiyar wata nawa take yi a ƙafe?”

“Biyu. Shekarar da aka yi zafi sosai ta yi uku.”

Inna ta ɗago ta dube shi da kyau. Ba a taɓa yi mata tambaya ba, sauran da sun ji masai suke neman takalmansu. Ya rubuta komai har ɓerayen. Sannan muka fita soro ni da shi yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, matarsa kuma ta zauna a ɗakin Inna. Ta fi awa ɗaya a ciki. Muna jiyo su suna dariya, har da murya ta uku daga cikin bango. Da ta fito sai ta tsaya a gabana ta gyara ɗaurin kallabinta.

“Malam Auwalu, in an sayar, ina Mama za ta koma?”

“Gidana mana. Ɗaki da tayil da fanka, ko matar gwamna sai haka.”

“Ka tambaye ta?”

“A gaban kowa. Ta sa albarka.”

“Kai ka tambaye ta da bakinka, kana tsaye a wurin?”

“To da bakin wa zan tambaye ta?”

Ta yi ɗan murmushi irin na malaman asibiti in za su yi wa mutum allura.

“Ni baƙuwa ce, shi ya sa ta iya gaya mini. Ta ce gidanka ciki da falo ne da tsakar gida kamar tabarma. Ta ce in an kai ta can, a ina za ta ci abinci? A ina za ta yi dariya? Kuma wa zai huda mata bango?”

'Ya'yana, an sha ƙure ni a duniya, 'yan sanda sun ƙure ni, masu mota sun ƙure ni, uwarku kuwa kullum. Amma ban taɓa rasa abin faɗa ba sai ranar. Shekara hamsin ina ganin matar nan tana rufe kwano in na shigo, amma na shirya in ɗauke ta in ajiye a inda za ta riƙa jin tarina dare da rana, in raba ta da aminiyarta, ina ta murna na yi mata tayil. Ba za ta iya ce mini a'a ba, don ba ta taɓa ce mini komai ba. Abin da ya rage mata shi ne gaskiya, ita ta riƙa faɗa wa baƙi, tunda ba wanda zai ce ta yi laifi.

Sai Malam Bulus ya rufe littafinsa ya dube ni.

“A addininku, nawa ne rabon Mama a gidan nan?”

“Tumuni,” na ce. “Ɗaya cikin takwas.”

“Dole sai kuɗi za a ba ta?”

Ban sani ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Ya je mota ya ɗauko tef ɗin awo, ya ba ni bakin na riƙe kamar ɗan aji uku, muka auna gidan tsawo da faɗi. Ya yi 'yan rubuce-rubuce a littafinsa, ya ja layi. Ɗakin Inna, da gefen katangar da ke da tagar, da zogale biyu cikin ukun, da ɗan siririn wuri da zai fita lungun baya, suka tashi ɗaya cikin takwas, har da ragowar taku biyu da ya ce a bar wa kaji. Ya ce shi da matarsa su biyu ne, yara sun tashi, sauran ya ishe su, kuma sun fi son maƙwabciyar da suka riga suka san halinta.

Washegari muka je wurin limamin unguwa, ya ce ya halatta ta karɓi rabonta a ƙasa in an kimanta kuma magada sun yarda. A nan aka sha rigima. Gidan da aka gutsure wa kusurwa ba mai shaguna da zai kalle shi, kuma abin da malamin makaranta zai iya biya bai kai na Alhazan da suka gudu ba. Sani ya ce da na bari an kawo dillali da tuni an wuce wurin. Hajara ta yi kuka, rabi don Inna rabi don Makka. Ni na yi lissafi na ga filin motocina ya tashi daga allon da ake gani daga jirgi ya koma benci. Na ce na yarda. Ku rubuta wannan da manyan baƙi, ni na fara cewa na yarda, ko Gwaggonku ba ta musa wannan. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, Sani a ƙarshe, bayan ya tabbatar abin da zai samu zai kai shi ga babur ko da na hannu ne.

Wannan karon na yi hankali. Ban je ba. Na aiki Maryam ta tambayi Inna, ni kuma na tsaya a soro ina leƙe kamar ɓarawon kaza. Ta jima, sannan ta fito tana dariya.

“Ta ce a gaya wa yayanku ƙofar da za a yi mata ta kalli gabas, kuma kada a sa mata tayil, santsi gare shi.”

A iya sanina wannan ne umarni na farko da Inna ta taɓa aiko mini. Na sa aka yi ƙofar ta kalli gabas sosai, har sai da na kawo mai duba alƙibla.

Sani ya sayi babur ɗinsa. Hajara ta ƙara shekara biyu tana tari kafin ta tafi, ta dawo da haƙorin Makka da take nuna mini duk lokacin da za ta ba da labarina. Soron Baba an rushe shi an yi wa Malam Bulus falo, ranar da aka fitar da tsohon teburin aikinsa ban iya tsayawa ba, na ce ina da ciniki a wani wuri. Ni kuma ga ni a bencin da kuka sani, a filin wani, ina sayar da motocin wasu. Inna tana ɗakinta. Yanzu taga biyu gare ta, don Madam Saratu ta sa an huda sabuwar katangar da ta raba su ita ma, kuma an ce labarin unguwa ya ninka sauri.

Ranar da aka sa hannu a takarda a gaban mai unguwa, da shaidu da 'yan kallo, aka yi addu'a aka raba goro, sai na ji bakina ya dawo. Na miƙe na gyara hula na ce jama'a su shaida, gidan da ya kori Alhazai bakwai, ni Auwalu na sayar da shi da harshena, ba dillali ba la'ada. Na dafa kafaɗar Malam Bulus na ce ya faɗa musu da kansa, wace magana ce cikin maganganuna ta kama shi, ta tankar yaƙi ko ta likitoci?

Ya mayar da bironsa bayan kunne, ya dube ni kamar yadda yake duban ɗalibin da ya kwafi amsa.

“Malam Auwalu, gida goma sha ɗaya na duba kafin wannan, kowanne da mai baki irin naka. Nan ne kaɗai aka gaya mini abin da zan saya. Mama ce ta sayar mini da gidan. Kai dai ka riƙe mini tef.”